Daga Gadon Asibiti Zuwa Ɗakin Uwa: Waiwaye Kan Tamowa da Haihuwa a Ƙasar Maraɗi da Katsina

A shekarar 1975 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa wani littafi da ya tattaro labarin wuraren da mutanen karkara suka tashi tsaye a kan lafiyarsu ba tare da jiran likita daga birni ba. An kawo ƙasar Sin, an kawo Kyuba da Tanzaniya, an kawo wani yanki na Indiya. A cikinsu har da babi sukutum a kan jihar Maraɗi. Wanda bai san Maraɗi ba sai ta hotunan yaran da suka ƙanjame a 2005 zai yi mamakin jin cewa shekara talatin kafin nan ita ake nuna wa duniya a ce ga abin koyi.

Abin da ya kai ta cikin littafin ba mai tsada ba ne. Tun cikin shekarun 1960, gari kan taru a ƙofar mai gari ya fid da mutum ɗaya ko biyu da aka yarda da su, a tura su gidan likita mafi kusa su yi horon 'yan kwanaki, su dawo da akwatin magani: nibakin na masassara, asfirin, maganin ciwon ido, jan magani da bandejin ɗaure miki. Ungozomomin gari su ma a kira su, a koya musu wanke hannu da sabulu, da yanke cibi da sabuwar reza, da gane naƙudar da ta wuce ƙa'ida. Ba wanda ake ba albashi. Ladan aikin shi ne girmamawar gari, sai ɗan abin da aka saba ba ungozoma ranar suna.

Tsarin ya bazu a Nijar, ya yi amfani iyakar ƙarfinsa, sannan ya yi sanyi. Akwatin da ya ƙare ba kullum ake sake cika shi ba. Malamin asibitin da ya kamata ya riƙa zagayowa ba shi da man babur. Mai aikin sa-kai kuma yana da gonarsa da bakin da yake ciyarwa, rani na yi ya ɗauki jakarsa ya tafi Kano ko Ikko. Ko a lokacin da akwatin ke cike ma, ba abin da ke cikinsa da zai tayar da yaron da tamowa ta kayar, ko ya tsayar da jinin da ya ɓalle wa mai jego. Hanyoyin da aka bi aka tunkari waɗannan biyun a shekaru hamsin da suka biyo baya sun saɓa da juna. Maganin yaro ya baro asibiti ya nufo gida. Haihuwa kuwa, faman fid da ita daga gida zuwa asibiti aka yi ta yi, har gobe ana yi.

Ya kamata a yi wa al'ada adalci tukuna, don rahotannin ƙungiyoyi sun cika ɗora mata laifin komai. Goyon ciki, wato komawar mace gidan iyayenta don haihuwar fari, kariya ce ga yarinyar da ba ta san komai ba. Kwana arba'in na jego hutu ne da ciyarwa, ba surfe, ba daka, ba zuwa rijiya. Shayarwar kusan shekara biyu, da gorin da ake yi wa mai kunika, sun sa tazara tsakanin haihuwa tun kafin wani ya zo da allura. Amma cikin al'adar akwai mai cutarwa. Ana matse dakashi a zubar, a ce ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin jariri na farko. Ana ɗura wa jariri ruwa tun ranar da ya faɗo, kuma a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40 tsoron ƙishirwa ba wauta ba ne, sai dai ruwan na rijiya ne ko na tafki. In uwa ta sami ciki tana goyo, sai a yaye yaron rana ɗaya a kai shi wurin kaka, don an ɗauka nonon mai ciki cuta ne. Daga nono sai fura mai ruwa-ruwa da tuwon manya. Zawon da zai biyo baya a ce haƙori ne. Kafin a yarda abin ya fi ƙarfin gida, an je wurin wanzami, an karɓo rubutu, an sha jiƙe-jiƙe. Shi kansa wankan jego, da tafasasshen ruwansa da kunun kanwa da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, likitocin Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa yana da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego a can.

Yunwa mai suna takan zo jifa-jifa: Kakalaba a 1914, farin 1973 da 1974, da ta 1984 wadda mutanen Nijar suka laƙaba wa El Buhari saboda rufe iyaka. Tamowa ba ta jiran irin waɗannan shekarun. Kowace shekara tana da lokacinta, daga Yuni zuwa Satumba, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, gero ya yi tsada, sauro ya yi yawa, uwa kuma tana gona daga safe har azahar. Yaron da ke tsakanin wata shida da shekara biyu shi ke fara faɗuwa. Masassara ta hana shi ci, rashin ci ya karya masa garkuwar jiki, zawo ko ƙyanda su ƙarasa.

Maganin da ake da shi har ƙarshen shekarun 1990 madara ce ta musamman da ake damawa da ruwa mai tsafta, a ba yaro sau da yawa dare da rana. Tana aiki, amma ba ta jure ajiya, kuma in aka dama ta da ruwan ƙauye ta koma abin kisa. Don haka dole a kwantar da yaro a asibiti kusan wata guda, uwarsa na gefensa. A duba abin da ake nema daga mace ɗaya: ta bar gona ana tsakiyar noma, ta bar sauran 'ya'ya huɗu ko biyar a hannun kishiya ko 'yarta mai shekara tara, ta sami izinin miji, ta sami kuɗin mota. Ga shi kuma bayan taron Bamako na 1987 an shigo da tsarin biyan kuɗin magani a ƙananan asibitoci, wanda ya kama aiki a Nijar cikin shekarun 1990. Mafi yawan mata ba su je ba, waɗanda suka je kuma da yawa sun sulale kafin a sallame su. A takardun asibiti an rubuta su a matsayin waɗanda suka gudu. Ni a ganina lissafi suka yi, irin mai ɗacin da babu uwar da ke son yi.

A daidai wannan tsakanin ne, a 1991, wani abu ya tsiro a ƙauyukan Maraɗi da ba a kira shi aikin lafiya ba. Ƙungiyar CARE ta ɗauki adashen da mata suka gada ta yi masa kwaskwarima: mata ashirin ko talatin su riƙa zubi kowane mako cikin akwati mai kwaɗo, su ranta wa juna da ɗan riba, su ware wani abu don larura, ƙarshen zagaye a fasa a raba. Sunansa Mata Masu Dubara. Daga Maraɗi ya yaɗu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Ba ya warkar da kowa, amma ya sa kuɗin mota a hannun mace ba sai ta jira miji ya dawo daga kasuwa ba, kuma ya saba wa matan gari da zama tare suna yanke shawara. Shirye-shiryen da suka zo daga baya da yawansu a kan tabarmar waɗannan ƙungiyoyin suka sauka.

A 1996 wani likitan yara ɗan Faransa, André Briend, tare da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset, suka haɗa abin da ya sauya labarin: markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, cikin leda mai nauyin giram 92. Suka sa masa suna Plumpy'Nut. Tun da babu ruwa a cikinsa, ƙwayar cuta ba ta samun wurin yaɗuwa. Ba a dafawa, ba a damawa, a yaga baki kawai yaro ya tsotsa. An gwada ba da shi a gida a Habasha da Malawi a farkon shekarun 2000. Babban gwajin kuwa a ƙasar Hausa aka yi shi.

Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka a wasu yankuna. Hatsin da aka girbe a Nijar ya gaza, amma bai gaza har yadda zai bayyana abin da ya biyo baya ba. Farashi ne ya yi ɓarna. Kafin Yulin 2005 buhun gero ya ninka kuɗinsa na kaka fiye da sau biyu, dabbobi kuma suka faɗi warwas, mai akuya ya sayar da ita bai sami abin kirki ba. Gwamnati da masu ba da agaji suka dage kan sayar da hatsi da rangwame, wai kada rabon kyauta ya ɓata kasuwa, alhali wanda ake son ceta ba shi da ko kuɗin rangwamen. Mutane suka koma ga anza da ganyaye. Sai a watan Agusta aka fara rabon kyauta, watan da Kofi Annan ya zo Damagaram, watan da kuma Shugaba Mamadou Tandja ya ce wa BBC mutanen ƙasarsa ba su yi kama da masu jin yunwa ba.

Abin da ya ɗaure wa baƙi kai shi ne inda yaran ke fitowa. Ba daga arewa mai hamada ba, daga kudancin Maraɗi da Damagaram, wato rumbun ƙasar: Madarumfa, Gidan Rumji, Tasawa, Mirya, Magarya. Mutanen wurin ba su yi mamaki ba. Jama'a ta yi yawa, gonar gado an raba ta har ta koma ɗan fegi. Ƙaramin manomi kan ci bashi da shuka, ya biya da hatsi da kaka lokacin da yake arha, ya dawo ya saye shi wurin ɗan kasuwa da damina. Gamanar da mace ke nomawa don kanta ita ce ta fara salwanta da ƙasa ta yi wuya. Mabuɗin rumbu kuwa yana aljihun maigida, wani lokaci har ya tafi ci-rani da shi.

Ƙungiyar likitoci ta MSF tana Maraɗi tun 2001, kuma ta riga ta fara gwada sabon tsari. Uwa ta kawo yaro sau ɗaya a mako, a auna shi, a duba ko akwai kumburi a ƙafa, a ba shi leda ɗaya a gani ko zai ci. In ya ci, a ba ta na mako guda da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta koma gida. Wanda ya ƙi ci, ko yake da ciwon haƙarƙari ko zawo mai tsanani, shi kaɗai ake kwantarwa. A 2005 ƙungiyar ta yi wa yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani magani a Nijar, akasarinsu a gida, kuma kimanin tara cikin goma sun warke. Ba a taɓa yin adadi irin wannan a wuri ɗaya ba. Shekara biyu bayan haka, a 2007, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Hukumar Abinci ta Duniya suka fid da sanarwar haɗin gwiwa da ta amince da yin maganin tamowa a cikin al'umma.

Jaridun duniya ledar suka yi wa kirari. Wadda ta yi aikin jinyar ita ce matar da ta tako tafiyar sa'o'i da goyo a baya, ta yi layi cikin rana, ta koma gida ta zauna tana lallashin yaro, ga yayyensa sun zuba mata ido su ma cikinsu ba komai. An yi ta ƙorafin cewa mata na raba abincin da sauran yara, ko suna sayarwa. Har yau ana ganinsa a kasuwannin Katsina, inda ake ce masa ɗan kwamaso. Gaskiya ne ana yi, kuma ba duka ledojin kasuwa ne suka fito daga hannun iyaye mata ba. An ma yaɗa cewa wasu na barin yaro ya rame da gangan don su sami rabo. Irin wannan magana ta fi sauƙin faɗi a bakin wanda bai taɓa sauke tukunya ba ya ga ba za ta kai kowa ba.

Gwamnatin Tandja ba ta ji daɗin sunan da ƙasar ta yi ba. A Yulin 2008 ta dakatar da reshen Faransa na MSF a Maraɗi, kafin shekara ta ƙare ya tattara ya tafi. Abin da ya biyo baya ya fi korar muhimmanci: likitoci 'yan ƙasa ne suka karɓi aikin, ƙungiyar FORSANI a Maraɗi, BEFEN kuma a Mirya tare da ƙungiyar agaji ta ALIMA. Da wata yunwar ta zo a 2010, gwamnatin soja ta Salou Djibo ba ta ɓoye ba, aka yi wa yara fiye da 300,000 magani, akasari ta asibitocin gwamnati. Don adalci kuma, mulkin Tandja da ya musanta yunwar 2005 shi ne ya gina ƙananan ɗakunan shan magani kusan 2,000 a ƙauyuka da ma'aikata masu albashi, shi ne kuma a 2006 ya mai da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki kyauta, bayan ya yafe kuɗin tiyatar haihuwa. Haɗe da rabon gidan sauro da rigakafi da sinadarin bitamin A, mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauko daga 226 cikin kowane 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Kyautar dai ta zo da nata ciwon kai. Asibiti ya yi magani ya aika wa Yamai takardar neman biya, kuɗin ya yi watanni ko shekaru bai zo ba, kantar magani ta bushe, a rubuta wa uwa takarda ta je ta saya a waje.

Mataki na gaba shi ne ya fi burge ni, don shi ne mafi arha. Akwai wani ɗan zaren awo na roba mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro daga wata shida zuwa shekara biyar. In ya tsaya a ja, wato ƙasa da milimita 115, yaro yana cikin haɗari. Rawaya gargaɗi ne, kore kuma lafiya lau. Shekara da shekaru wannan zare yana hannun ma'aikata da 'yan sa-kai, su zagayo gari sau ɗaya a wata in an ci sa'a. A gundumar Mirya, daga 2011, ALIMA da BEFEN suka ce me zai hana a ba uwa? Masu shakka suka ce matan ba su yi boko ba. Aka gwada, aka ga gane launi ba ya buƙatar boko. A gwajin da aka faɗaɗa a 2013 da 2014, inda aka kwatanta yankin Dogo da iyaye mata ke awo da yankin Takeita da 'yan sa-kai ke yi, matan ba su gaza ba: sun kawo yaran da wuri, waɗanda suka kai ga kwanciya asibiti sun fi ƙaranci, kuɗin da aka kashe ma bai kai ba. Yau ana koyar da wannan a ƙasashe da yawa. A wannan tsakanin ne kuma aka fara bi gida-gida da damina ana ba yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata, bayan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2012, aka kuma kafa ƙungiyoyin mata masu koya wa juna shayarwa. Shayar da nono zalla har wata shida, wanda a 1998 bai wuce kashi 1 cikin 100 a Nijar ba, ya kai kashi 23 a 2012.

Najeriya ta makara. Sai a 2009 aka fara tsarin a Gombe da Kebbi da taimakon UNICEF, daga baya ya kai jihohi 11 na Arewa, kuma ko a cikinsu ba kowace ƙaramar hukuma ba. Shekaru da dama matan Jibiya da kewaye suna tsallaka iyaka da yaransu zuwa Ɗan Isa da Madarumfa, ƙasa mai arzikin man fetur tana aika marasa lafiyarta ƙasar da ake cewa ta fi kowa talauci. Ban san abin da ya fi wannan tona asirin yadda aka ɗauki lafiyar karkara a wancan lokacin ba.

Ɓangaren uwa labarinsa daban ne, kuma ya fi tafiyar hawainiya. A 1985 Farfesa Kelsey Harrison ya wallafa nazarin haihuwa 22,774 da aka yi a asibitin Zariya, ya nuna cewa waɗanda suka fi mutuwa su ne matan da ba su taɓa zuwa awo ba, ba su yi makaranta ba, aka kawo su bayan naƙuda ta ci ƙarfinsu, da ƙananan 'yan mata masu cikin fari. A Babbar Ruga ta Katsina, Dakta Kees Waaldijk da ya zo aikin kuturta ya tarar da mata masu yoyon fitsari har suka zama aikin rayuwarsa. Bayan taron Nairobi na 1987 kan lafiyar uwa, duniya ta zuba kuɗi wajen horar da ungozomomin gargajiya, wato abin da Maraɗi ta fara tun da daɗewa. Bayan shekara goma aka duba aka ga mutuwar mata ba ta sauka ba. Ungozoma mai tsaftataccen hannu tana rage ciwon cibi da zazzaɓin jego, amma jijjiga, da yaron da ya zo a gicciye, da mabiyiyar da ta maƙale, da jinin da ke iya kashe mace cikin sa'a biyu, sai allura da ƙarin jini da wuƙar likita. Ba ledar da za a ba mace ta kai gida.

Saboda haka aikin gari ya koma rage jinkiri. Jinkirin farko na cikin gida ne: mai cikin fari tana kunya ba za ta ce naƙuda ta zo ba, tsofaffi na cewa a yi haƙuri mu ma haka muka haihu, maigida ba ya nan kuma ba mai ikon cewa a tafi. Na biyu hanya ce. Tun farkon shekarun 1990 wasu masu bincike daga Sakkwato suka zauna da ƙungiyar direbobi ta NURTW a ƙasar Kebbi, aka shirya cewa direban tasha zai ɗauki mai naƙuda ko da tsakar dare ba tare da tsawwala kuɗi ba. Daga baya aka faɗaɗa wannan a Jigawa da Katsina da Zamfara da Yobe. Ladan direba shi ne in ya dawo tasha a ba shi lodi ba sai ya bi layi ba, dabarar da sai wanda ya san tasha zai yi tunaninta. Aka haɗa da asusun gari na larurar haihuwa, da jerin samarin da suka yarda su ba da jini, da abin da ya fi duka sauƙi da wuya: miji ya furta tun ciki yana ƙarami, a gaban shaidu, cewa ya ba da izini a kai matarsa asibiti ko yana nan ko ba ya nan.

A Damagaram kuwa mazan aka nufa kai tsaye. A 2008 Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya buɗe makarantun mazaje guda 11 na gwaji. Ba aji ba allo. Magidanta ne da ba su wuce goma sha biyu ba, waɗanda gari ke ganin girmansu kuma matansu ke zuwa awo, su zauna sau biyu a wata su tattauna abin da ke hana matan garinsu zuwa likita, su bi majalisu da wuraren suna suna jan hankalin 'yan'uwansu. Wasu sun gina wa ungozomar gwamnati ɗaki, wasu sun gyara hanya. Maganar da namiji ba zai saurara daga bakin yarinyar da aka turo daga birni ba, yakan saurare ta daga bakin abokin zamansa a gindin bishiya.

Akwai ɗan abin da ya yiwu a kai gida. A 2013 jihar Sakkwato ta fara raba wa masu ciki ƙwayar misoprostol ta tsai da jini da man shafa wa cibi ta hannun mutanen unguwa. Nijar kuma ta bi ta asibitocinta da wani tsari mai matakai uku, ƙwayar, da balan-balan ɗin da ake hurawa cikin mahaifa, da rigar matse jiki da ke riƙe mace har a kai ta inda za a yi mata aiki. Nazarin da aka wallafa a 2023 ya nuna mutuwa ta zubar jini a asibitocin ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100. Duk da haka jinkiri na uku yana nan, wanda gari ba shi da iko a kansa: a iso asibiti da dare a tarar ba ungozoma, ba wuta, ba jini. Najeriya ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara a 2009, ya fara da ƙarfi, ya raunana da jihohi da ƙananan hukumomi suka kasa biyan nasu kason. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne. A Nijar kuwa, inda binciken 2012 ya nuna mace na haihuwar 'ya'ya fiye da bakwai kuma uku cikin huɗu na 'yan mata na aure kafin shekara 18, yarinyar da ta tashi da tamowa ita ce ke zuwa ɗakin haihuwa da ƙugu ƙarami da ƙarancin jini, ta haifi jariri marar nauyi.

Shekarun nan na baya sun ci wani ɓangare na abin da aka tara. 'Yan bindiga sun hana noma a yammacin Katsina da Zamfara, dubban mutane sun tsallaka zuwa Gidan Rumji da Madarumfa, direban da ya yi alkawarin fita da dare yanzu sai ya jira gari ya waye. Cire tallafin mai a Najeriya a 2023 ya ninka kuɗin mota, juyin mulkin Nijar na waccan shekarar ya sa aka rufe iyaka watanni. MSF ta koma aikin tamowa a Katsina a 2021, gadajenta suka cika suka batse. A 2025 Amurka da wasu ƙasashen Turai suka zabge kuɗin agaji, kuma a watan Yuli ƙungiyar ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, yawancinsu don an kawo su a makare.

Inda ledar ta yanke, mata sun koma ga abin da ke hannunsu: a soya gero ko dawa da waken suya da gyaɗa, a niƙa, a dama kunun da ake kira Tom Brown, a ƙara garin zogale ko na kifi. Yana tare yaron da zare ya nuna rawaya kafin ya gangara. Wanda ya kai ja kuwa kunu ba ya isarsa, kuma uwar da aka koya wa awo ta san haka sarai. Ta auna, ta ga ja, ta tafi, a ce mata kaya bai iso ba. Ana yin abincin a yankin, kamfanin STA a Yamai tun 2005, da wata masana'anta a Kano, amma garin madarar daga waje yake zuwa, gyaɗar gida kuma sai ta tsallake gwajin gubar funfuna kafin a karɓe ta, kuma babban mai saye har yanzu UNICEF ce da kuɗin masu agaji. Katsina da Jigawa da Kano sun fara zuba nasu kuɗin a wani asusu da ake ninka musu abin da suka sa. Kuɗin bana na damina ɗaya ne; na baɗi sai an sake rubuta shi a kasafi, an sake sa hannu, an kuma sake shi kafin watan Yuni.